Waiwaye: Yadda aka gano mayelin na ciyar da jijiya

A 1854 ne likitan Jamus Rudolf Virchow ya sa wa wani farin maiƙo da ke naɗe da zaren jijiya suna mayelin. Kusan shekara ɗari da hamsin bayan haka, kallon robar da ke rufe wayar lantarki ake yi masa: ya hana saƙo yoyo, ya ƙara masa gudu. Ba ƙarya ba ne. Zaren da ke da mayelin kan kai saƙo da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa, marar shi kuwa da ƙyar ya wuce mita ɗaya ko biyu.

Amma akwai tambayar da aka daɗe ana tsallakewa. Wani zaren yakan kai tsawon mita guda, kuma kusan duk jikinsa a lulluɓe yake. To ta ina sukarin da ke ba shi kuzari ke shigarsa?

Ɓeraye ne suka tono maganar. A 1998 aka ba da rahoto kan wasu da ba su da PLP, wani furotin da ke cikin mayelin. Mayelinsu ya naɗu kusan lafiya lau, amma da suka manyanta zaren da ke ciki ya riƙa kumbura yana mutuwa. A 2003 ɗakin binciken Klaus-Armin Nave da ke Gottingen ya ga irin haka da aka cire wani furotin na mayelin mai suna CNP. Rufi na nan, jijiya na lalacewa. Ashe akwai wani aikin da ba a sani ba.

Amsa ta fito a 2012, cikin rahotanni biyu a mujallar Nature. Tawagar Nave ta nuna cewa ƙwayoyin oligodendirosait, masu ƙera mayelin a ƙwaƙwalwa da laka, suna farfasa sukarin gulukos su fitar da laktet, wani sinadari da zaren ke amfani da shi a matsayin abinci. Ta Jeffrey Rothstein a jami'ar Johns Hopkins kuma ta gano hanyar da laktet ɗin ke bi zuwa ga zaren, wato furotin MCT1. Da aka rage shi a ɓeraye jijiyoyi suka lalace, kuma an same shi ya ragu a ƙwaƙwalwar masu cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi, wadda ta kwantar da masanin kimiyya Stephen Hawking. A ganina nan ne fahimta ta juya, domin an koyi cewa jijiya kan mutu da yunwa alhali naɗinta bai kwance ba. A 2016 aka ƙara gano cewa ƙwayoyin oligodendirosait kan ji lokacin da zaren ke aiki tuƙuru, sai su ƙara jawo sukari.

Wannan ya shafi cutar MS, wadda ke lalata mayelin, inda mutuwar zaren ce ke kawo naƙasa ta dindindin. Ya taɓa cutar mantuwa ta Alzaima ma: a 2023 an nuna cewa lalacewar mayelin na hanzarta taruwar amiloyid, furotin da ke dunƙulewa a wannan cutar, a ƙwaƙwalwar ɓera.

Sai dai a yi hattara, galibin hujjojin daga ɓeraye suke, kuma iyalan da ke jinya ba su da wani magani tukuna da aka gina kan MCT1.