Waiwaye: Geshurawa da gardamar Betsaida

Gardamar da masu haƙar kayan tarihi ke yi kan ainihin inda Betsaida take, garinsu Bitrus da Andarawas da Filibus, almajiran Yesu, ta ƙara zafi tun 2016, lokacin da aka soma haƙa a el-Araj da ke bakin Tekun Galili, alhali kuwa tun 1987 ake tonon tudun et-Tell, wanda ke da tazarar kusan kilomita biyu daga ruwa. Wannan ruɗani yana da dogon asali.

Tun kafin a ji sunan Betsaida, yankin na Geshurawa ne, wata ƙaramar masarauta a tuddan Golan. Littafin Joshuwa, a cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce Isra'ilawa ba su kore su ba. Sarki Dawuda ya auri Ma'aka, 'yar sarkinsu Talmai, ta haifa masa Absalom, wanda ya gudu wurin kakansa ya yi shekara uku bayan ya kashe ɗan'uwansa Amnon. Yawancin masu karatu a nan saninsu ya tsaya.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne shekara ta 732 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da rundunar Assuriya ta mamaye Dimashƙu da ƙasashen da ke ƙarƙashinta. A et-Tell, wadda masu haƙarta ke ɗauka ita ce babban birnin Geshur, an tono ƙofar gari mai ɗakuna huɗu, ginin baƙin dutse, wadda wuta ta cinye. An sami ƙonannen hatsi a ɗakunan, da kawunan kibau. A gefen ƙofar akwai matakala da kwatarniyar dutse ta hadaya, da wani dutse da aka sassaƙa da siffa mai kan bijimi, rataye da takobi, wanda aka tarar a farfashe. Mutanen da suka tara hatsin nan sun yi shirin cin sa ne, kuma a ganina nan ne zaren ya tsinke, domin garin bai sake komawa yadda yake ba, waɗanda suka san sunansa na asali kuwa suka watse.

Sai bayan ƙarnuka aka sake raya yankin da sababbin mazauna. Wajen shekara ta 30 miladiyya wani Filibus daban, ɗan Sarki Hirudus, mai mulkin yankin, ya ɗaukaka Betsaida zuwa birni, ya sa mata suna Juliyas. Ragowar wannan birnin ake nema yau, wasu a kan tudun Geshurawa, wasu a bakin ruwa, inda aka tono gidan wanka na zamanin Romawa da majami'ar Kirista mai daɓen ƙananan duwatsu.