Waiwaye: Asalin karatun manya a tsakanin Kiristocin Zariya

A 'yan shekarun nan ana yawan jin sanarwa a majami'un Sabon Gari da Samaru da Wusasa cewa an buɗe aji domin manya: wani na binciken Littafi Mai Tsarki, wani na ilimin tauhidi, wani kuma na koyon ba da shawara ga ma'aurata da matasa da waɗanda aka yi wa rasuwa. Masu zuwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure da 'yan fansho, suna zama da yamma ko ranar Asabar. Da yawa suna ɗaukar abin sabon yayi ne da ya shigo daga kudu ko daga Amurka. Tarihin Zariya bai yarda da wannan zato ba, domin a garin nan manya suna cikin waɗanda suka fara zama gaban littafi.

A shekarar 1900 wata ƙaramar tawagar mishan ta CMS, ƙungiyar masu bishara ta ikilisiyar Angilikan, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta ratsa ƙasar Zazzau ta nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar masa gari, suka koma suka yada zango a Girku. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wajen fatake da alhazai. Shi ne ya dawo ya zauna a cikin birnin Zariya a 1905, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya kafa ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Gwamnatin Turawa ba ta yi murna da zamansa ba, don Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aikin ya yi ta tafiya a takure.

Abin da ya ba wa aikin wata fuska dabam ya faru ne wajen 1913, kuma ba daga Turawa ya fito ba. Tun a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a cikin koyarwarsa. Hukuma ta kashe shi a kan haka, almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da wasu ƙauyukan Kano da Zazzau, aka san su da Isawa. Wasu daga zuriyar waɗannan almajirai ne suka iso wurin Miller. Ba yara ne da aka ɗauko daga titi ba. Magidanta ne da suka saba da allo da tawada, suka saba da zaman zaure inda ake ja in ja a kan ma'anar aya. Sun zo da tambayoyinsu, kuma sai da aka zauna da su aka yi karatu kafin wasunsu su karɓi baftisma. An kafa musu ƙauye a Gimi, amma cutar barci ta yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma kusa da mishan.

A ganina nan ne tushen maganar. Kiristancin Hausawan Zazzau ya fara ne da mutanen da suka ɗauki addini a matsayin abin da ake karantawa, a yi tambaya, a nemi hujja. Wanda ya san al'adar makarantun zaure na birnin Zariya, inda dattijo mai furfura ke ɗaukar littafinsa ya tafi gaban malami bayan sallar asuba ba tare da jin kunya ba, zai gane cewa masu bin nan na farko ba su yar da wannan hali ba sa'ad da suka sauya hanya.

A 1929 mishan ta bar birni ta koma Wusasa, gindin dutsen Kufena. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, da hannun maginan Hausawa, ga kuma makaranta da asibitin St. Luke. Bayan shekara uku, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe yana jagoranta tare da taimakon Hausawa masu bi da ma'aikatan wasu mishan. Fitowar wannan littafi ta sauya ma'anar karatun manya a duk Arewa. Mai neman baftisma, a wurare da yawa, sai ya shiga aji ya koyi haɗa baƙi har ya iya karanta Bishara da kansa. Ta haka manomi da matarsa suka koyi boko ba don neman aikin gwamnati ba. Masu bishara da katikis su ne malaman wannan aji, da fitilar ƙwai da allo ɗaya, kuma sau da yawa su kansu 'yan watanni kaɗan suka yi a gaban wani malamin.

Sunan da Wusasa ta yi, a makarantar yara ta yi shi. Daga nan aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa Yohanna mai bishara ne. Abin alfahari ne. Sai dai hasken waɗannan sunaye ya rufe aikin iyayensu, waɗanda suka koyi karatu da girmansu kuma suka riƙe ikilisiyoyin ƙauye shekara da shekaru ba takardar shaida ba albashin kirki.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, kuma Zariya ce cibiyar buga littattafansa, inda Kamfanin Gaskiya yake a Tukur-Tukur. Kiristoci da Musulmi duka sun amfana. Daga baya, a farkon shekarun 1960, shirin Sabon Rai Don Kowa ya kawo wani salo: a koya wa kowane mai bi, ba fasto kaɗai ba, yadda zai buɗe Littafi ya yi bayani ga maƙwabcinsa. A daidai wannan lokaci, a 1963, wasu malaman tauhidi a ƙasar Guwatamala suka fito da tsarin da ake kira TEE, wato a kai karatun tauhidi inda ɗalibi yake maimakon a raba shi da gonarsa da iyalinsa. Ɗalibi ya yi nazari a gida da littafi mai tambayoyi, sa'an nan a haɗu da malami sau ɗaya a mako a tattauna. Ikilisiyoyin Arewa da dama sun rungumi tsarin, don ya dace da magidancin da ba zai iya barin damina ya tafi makarantar tauhidi ta Bukuru ko Kagoro ya yi shekara uku ba.

Abubuwa biyu suka ƙara wa ajin majami'a nauyi. Na farko, a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, kwalejin St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, koyar da addini mai zurfi ya koma wuyan ikilisiya. Na biyu, a wannan zamani Maguzawa da yawa a ƙasar Zazzau da Katsina da Kano suka karɓi Kiristanci, ikilisiyoyin ƙauye suka yi yawa har limamai suka kasa kewaye su. Kwalejin tauhidi ta St. Francis na Asisi da ke Wusasa tana horar da limamai, amma wanda ke jagorantar sujada a ƙauyen da ke bayan Giwa ko Ikara ranar Lahadi galibi mai bishara ne ko dattijon ikilisiya.

Batun ba da shawara shi ne ya shigo a makare, kuma da zafi ya shigo. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya, aka ƙone majami'u da dama, aka bar mutane da tsoro da ɗacin rai. Bayansa sai ga cutar ƙanjamau, ga shaye-shayen matasa, ga sace-sacen mutane na 'yan shekarun nan da ke dawo da mutum gida jikinsa lafiya amma ba ya iya barci. Da can shawara aikin dattawa ne da shugabannin Zumuntar Mata, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu da addu'a da "a yi haƙuri". Amma akwai matar da haƙurin zai kai ta kabari idan ba a raba ta da mai dukanta ba, akwai kuma saurayin da damuwarsa ta likita ce. Aji mai kyau yana koya wa mai ba da shawara ya saurara kafin ya buɗe aya, ya riƙe sirri, ya kuma san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina, mu tafi asibitin koyarwa na Shika.

Abin da ke damuna shi ne harshe. Yawancin littattafan da ake amfani da su a azuzuwan nan da Turanci suke, misalansu kuma na rayuwar wata ƙasa ne inda ba a san kishiya ko gadon gona ko matsin surukai ba. Malamin jami'a a Samaru zai ji daɗinsu. Uwar Zumunta a ƙauye, wadda ita ce za a buga wa ƙofa da tsakar dare idan aure ya rikice, an bar ta a waje. Garin da ya ba Arewa Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 yana da fastoci da likitoci da malaman jami'a da za su iya zama su rubuta darussan ba da shawara da na tauhidi da Hausa, a buga su da arha, a kai su har inda masu bishara suke.