Shanun huɗa da injin ban ruwa ma jingina ne a banki

Manomin shinkafa a Kura ko Auyo da ya taɓa shiga banki neman rance ya san tambayar farko: ina takardar fili? Gonakinmu kuwa galibi na gado ne, dagaci da maƙwabta su ne shaida, babu takardar mallaka mai sa hannun gwamna. Haka mutum zai juyo hannu rabbana, alhali yana da shanun huɗa biyu, injin ban ruwa da buhunan riɗi a ɗaki.

Wannan giɓi ne dokar jingina da kadarori masu motsi ta zo cikewa. Yemi Osinbajo ya sa mata hannu a watan Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ta halatta a karɓi duk dukiyar da ake iya ɗauka ko korawa a matsayin jingina: dabbobi, amfanin gona, injin casar shinkafa, babur, kayan shago, har kuɗin da kake bin wasu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan suna nan a hannunka. Injin yana ci gaba da jan ruwa a fadama, shi ne ma zai samo kuɗin biya. Bankin zai shigar da bayanin kayan, da yardarka, a rajistar da Babban Bankin Najeriya ke kula da ita ta intanet. Wani mai ba da bashi zai iya dubawa kafin ya ba ka, don haka ba a jinginar da inji ɗaya wuri biyu a ɓoye. Idan aka samu saɓani, wanda ya riga yin rajista shi ke gaba.

Arzikin ƙauye a tsaye yake, a turke da rumbu. Sai ya zama jari sannan mai casa zai ƙaro inji ya ɗauki yara aiki, mai zoɓo ya daina sayarwa da kaka a wulaƙance saboda matsin kuɗin taki.

Dokar ba ta tilasta wa banki ya ba kowa bashi ba, kuma jingina kawai ta tsara, ba kuɗin ruwa ba. Mai gudun riba yana iya neman bankunan da ba sa ta'ammali da ita, irin su Jaiz.

Idan biya ya gagara, sai an aiko maka da sanarwa kafin a ɗauki kayan. In an sayar, kuɗin ya haura bashin, rarar taka ce. Amma wanda ya kora shanun da ya jinginar zuwa kasuwar Maigatari ya sayar a asirce, haƙƙin bankin yana bin kuɗin da ya karɓo.