Mene ne "modelin" a fedar jita?

Makaɗin jitar lantarki ba da hannu kaɗai yake kiɗa ba. A gabansa akwai wasu ƙananan akwatuna da yake takawa da ƙafa, su ake kira feda. Sautin jita ta cikinsu yake bi kafin ya isa amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti: wata ta sa shi gurnani, wata ta sa ya yi amsa-kuwwa, wata ta sa ya riƙa rawa. A da kowace feda aiki ɗaya ta iya, cikinta kuwa tiransisto ne da kafasita da wayoyi. Fedar "modelin" ita ce mai ɗauke da 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke kwaikwayon muryar waɗancan fedoji da lissafi, har da muryar amfilifaya da ta lasifika.

Sautin da ya fito daga jita ana auna shi sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa ɗaya, a mayar da shi lambobi. Ƙwaƙwalwar da ake kira DSP ta sarrafa lambobin, sannan a sake mayar da su sauti. Kafin nan injiniyoyi sun riga sun kwance tsohuwar amfilifaya, sun auna halin kowane sashe nata, sun rubuta lissafin da zai yi irin aikinsa. Kamfanin Kemper na Jamus ya zo da wata dabara a 2011: a tura sautukan gwaji cikin amfilifayar, makirufo ya saurari abin da ya fito, na'urar ta kwafe shi. Sai dai yadda aka saita amfilifayar a wannan lokacin kaɗai take kwafewa.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Roland ya fitar da VG-8 a 1995, kamfanin Line 6 ya biyo da POD a 1998, wata jar na'ura da ta cika situdiyoyi. Na farkon nan sun sha suka, kuma da gaskiyar masu sukan, don sautinsu siriri ne mai kartar kunne. Daga Axe-Fx na 2006 zuwa Helix na 2015 da Quad Cortex na 2021 ratar da ke tsakanin modelin da amfilifaya ta gaske ta rufe sosai, har idan aka haɗa jita da ganguna da murya a waƙa, da wuya mai sauraro ya bambance.

Amfaninta a fili yake. Amfilifayar Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30, fedar modelin kuwa a jaka ake rataya ta. Amfilifaya mai bawul, wato ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, ba ta sakin zaƙin muryarta sai an ƙure ta, maƙwabta kuma ba za su lamunta ba. Da modelin mutum na iya samun wannan gurnanin da tsakar dare, abin sauraro a kunnensa. Yana iya adana saitin kowace waƙa, taki ɗaya ya kira shi. A Disamban 2013 ƙungiyar makaɗa ta Metallica ta yi wasa a Antatika ba tare da lasifikoki ba, 'yan kallo ta abin kunne suka saurara, jitocin kuma ta Axe-Fx suka bi.

Ana yawan kukan jinkiri, wai sauti na makara saboda lissafin. A na'urori masu kyau jinkirin bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa ba, kwatankwacin ka ja da baya mita ɗaya daga lasifikarka. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da modelin ke ba ka shi ne muryar amfilifaya kamar yadda makirufo ya ji ta, wato sautin da aka saba ji a faifai. Wanda ya saba tsayawa gaban akwati mai lasifika huɗu, iska na bugun ƙafar wandonsa, jitar na amsa ƙarar tana jan sauti ita kaɗai, zai ji wani abu ya ɓace. Ba ƙarya yake yi ba. Haka ma tsohuwar fedar gurnani ta Fuzz Face: tana jin jitar kai tsaye, ka ɗan rage maɓallin ƙarar jita da ƙaramin yatsa sai gurnanin ya washe ya koma garau. Kwaikwayon wannan yana wahalar da dijital har yanzu.

Sai yawan zaɓi. Feda mai maɓalli uku, ka murɗa ka kama kiɗa. Mai amfilifaya ɗari a cikinta kan cinye wa mutum yamma guda yana latse-latse a allo, bai kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Ranar da ta tsaya a kan dandamali kuma, komai ya tsaya tare.

Ga tsufa. Fedar Tube Screamer ta 1979 in ta lalace, mai gyara zai canza kafasita ta tashi, darajarta ma ƙaruwa take yi. Fedar dijital kwamfuta ce: sabuwa ta fito, kamfani ya daina sabunta manhajar tsohuwar, kuɗinta ya faɗi. Shi ya sa makaɗa da yawa ke raba ƙafa, su sa tsohuwar fedar gurnani a farkon layi inda jita za ta taɓa ta kai tsaye, su bar wa modelin aikin amfilifaya da amsa-kuwwa, daga nan waya ta wuce miksa, na'urar haɗa sautuka.