Ba a kama kowa a Isra'ila don ya ci burodi lokacin Idin Ƙetarewa

Duk shekara idan Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya matso sai maganar ta sake tashi, musamman tsakanin masu shirin ziyarar ibada a Urushalima lokacin Ista: wai wanda aka gani da burodi a Isra'ila cikin makon nan sai ya kwana a hannun 'yan sanda. Ba haka dokar ta ce ba.

Tushen abin na cikin Attaura. Littafin Fitowa ya ce Bani Isra'ila sun bar Masar a gaggauce, kwaɓin fulawarsu bai samu ya kumbura ba. Saboda haka Bayahude mai riƙo da addini ba ya cin abin da aka yi da alkama, sha'ir da danginsu in ya kumbura, ba ya ma ajiye shi a gida, har kwana bakwai. Wannan tsakaninsa ne da addininsa.

Dokar da majalisar dokokin Isra'ila, Knesset, ta yi a 1986 ba ta kai nan ba. Da mai kasuwanci take magana: kada ya baje burodi da makamantansa a bainar jama'a don sayarwa ko ci, daga tsakar ranar 14 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa zuwa faɗuwar ranar 21. Hukuncinta tara ne, ba ɗauri ba. Mai saye da mai ci ba ruwanta da su, kuma ba ta aiki a gari ko unguwar da yawancin mazaunanta ba Yahudawa ba ne. A Nazarat ko unguwannin Larabawa na Urushalima gidajen burodi na aikinsu kamar kullum.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne ma'anar bainar jama'a. A 2008 wata kotu a Urushalima ta kori ƙarar da aka kai wasu masu shago da gidajen abinci, ta ce cikin shago ba bainar jama'a ba ne, tunda sai mutum ya shiga da ƙafarsa zai gani. Jam'iyyun addini sun fusata, amma a kan wannan fahimtar ake tafiya.

Batun asibiti daban ne, kuma shi ya fi damuna. A 2020 Kotun Ƙoli ta hana asibitoci haramta shiga da irin wannan abinci, ta hana masu gadi lalube jakunkunan mutane. A watan Maris na 2023 majalisa ta mayar da martani da gyaran doka da ya ba shugaban asibiti ikon hanawa, ya kuma sanar da jama'a ta alluna. Gyaran bai ba mai gadi ikon bincike ba.

Na fahimci majinyacin da ke tsoron ɓurɓushin burodi ya taɓa abincinsa, haƙƙinsa ne a kiyaye masa. Amma kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar Balarabe ne, kuma Larabawa da yawa likitoci ne da ma'aikatan jinya a asibitocin nan. A shekarar da aka yi gyaran ma Idin ya faɗo cikin Ramadan. A ce wa mai jinyar mahaifiyarta ta bar burodin buɗa-bakinta a ƙofa, a ganina an wuce gona da iri, alhali ware wurin cin abinci zai wadatar da kowa.