Café Müller: wasan rawa na Pina Bausch

Café Müller wasan rawar zamani ne da Bajamushiya Pina Bausch (1940–2009) ta tsara. An fara nuna shi ranar 20 ga Mayu, 1978, a birnin Wuppertal, inda take jagorantar ƙungiyar 'yan rawa tun 1973. Yana cikin fitattun ayyukan salon Tanztheater, mai gauraya rawa da wasan kwaikwayo.

Mutum shida ne a wasan. Rolf Borzik ya shirya dandalin kamar gidan shan gahawa bayan an watse, babu komai sai tarin kujeru da tebura, ana jin waƙoƙin jimami na Henry Purcell, Baturen Ingila na ƙarni na 17. Wata mata cikin farar riga tana tafe ido rufe, hannuwa a miƙe, wani mutum kuma yana rige-rigen ture kujeru daga gabanta kada ta yi karo. Yana kula da ita matuƙa, ita ko sanin yana wurin ba ta yi ba.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne inda mace da namiji suka rungumi juna. Sai wani na uku ya zo ya raba su, ya gyara musu tsayuwa, ya ɗora matar a hannun namijin. Ta sulale ta faɗi, ta tashi ta sake rungumarsa. Haka ake ta maimaitawa, sauri na ƙaruwa, har su biyun su ci gaba da ɗauka da faɗuwar da kansu ba wanda ya sa su. Da wuya a sami wasan da ya nuna ƙarara haka yadda mutane ke zama wuri ɗaya, kowa na neman ɗan'uwansa, amma kaɗaici bai sake su ba.

Masu sharhi kan danganta wasan da ƙuruciyar Bausch a garin Solingen, inda iyayenta ke da gidan abinci, ta taso tana kallon manya a Jamus ɗin da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ita da kanta ta taka rawa a cikinsa shekaru da dama.

A wajajen lokacin da ta tsara Café Müller ne ta soma gina wasanninta daga tambayoyi. Takan tambayi 'yan rawarta, waɗanda suka fito daga ƙasashe daban-daban, game da tsoro ko soyayya ko yarinta, kowa ya amsa da baki ko da motsin jiki, sannan ta tsinci abin da za ta saka a wasa.