Ma'anar Kiromatogirafi ta Takarda

Ɗaliban kemistiri sukan haɗu da kalmar kiromatogirafi tun a sakandare, galibi a ranar da malami ya ɗiga launin abinci a kan takardar tace ruwa. Kalmar ta fito ne daga Girkanci, inda ɓangarenta na farko yake nufin launi, na biyu kuma rubutu. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, wanda ya yi amfani da garin alli a cikin bututun gilashi ya rarrabe launukan ganye, ya kuma sanya wa hanyar wannan suna a 1906. Wani abin sha'awa, sunansa da harshen Rashanci yana nufin launi. Nau'in da ake yi da takarda sai a 1944 ya bayyana a Ingila, daga hannun masana kimiyya Consden da Gordon da Martin, kuma Martin ɗin ya raba kyautar Nobel da abokin aikinsa Synge a 1952.

Ma'anarta a aikace ita ce rarrabe abubuwan da suka cakuɗe ta hanyar sa su tafiya a kan wani abu da yake tsaye. Ana ja layi da fensir kusa da gindin takardar, a ɗiga ɗan ƙaramin ɗigo na launin a kan layin, a bari ya bushe, sannan a tsayar da takardar cikin kofin gilashi mai ɗan ruwan gishiri, amma kada ruwan ya kai layin, domin idan ya kai, launin zai narke a ƙasan kofin ne kawai. Da biro ba a ja layin, tun da tawadarsa ita ma cakuɗen launuka ce da za su iya bin ruwan su ɓata aikin.

Daga nan ruwa yake hawa takardar kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, yana janye launukan tare da shi. A nan ne asirin yake: kowane launi yana tsakanin ja biyu, takarda tana riƙe shi, ruwa kuma yana tafiya da shi. Wanda ya fi narkewa a ruwa yakan yi nisa, wanda kuma ya fi mannewa da zaren takardar sai ya tsaya a baya. Koren launin da ake sa wa kek ko alawa ya fi kowanne burge ɗalibi, saboda sau da yawa babu kore a cikinsa ko kaɗan, haɗi ne na ruwan ɗorawa mai suna tatrazin, wanda ake rubuta wa E102 a jikin kwali, da shuɗi mai lamba E133. Cikin mintoci kaɗan sai ɗigon ya rabu biyu, shuɗin yawanci a gaba.

Ana auna sakamakon da abin da ake kira Rf, wato nisan da launi ya yi daga layin fensir a raba shi da nisan da ruwa ya yi. Idan launi ya hau santimita 6, ruwa kuma ya hau 8, to Rf ɗinsa 0.75 ne, kuma ba zai taɓa wuce 1 ba. A ganina, a nan ɗalibai suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauki wannan lamba tamkar sunan yanka na launin, alhali da an canza irin takardar ko yawan gishirin, ita ma za ta canza. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa yakan sa a ɗiga sanannen launi kusa da wanda ake bincika, a kan takarda ɗaya, su hau tare a kwatanta inda kowanne ya tsaya.